Zauren Iyaye da Matasa: Kafin Ka Sayar da Gonar Nan

Maganarmu ta wannan wata a kan kuɗin karatun jami'a ce. Kowace shekara idan sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito, gida yakan cika da murna kwana biyu, a yi godiya a majami'a, maƙwabta su zo barka. Rana ta uku maigida ya zauna da fensir da takarda, murna ta koma tagumi.

Abin ya ƙara tsanani tun 2023. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin mai, kuɗin mota da na abinci suka tashi, jami'o'i da yawa kuma suka ƙara kuɗin rajista a shekarar nan. Gaskiya ne jami'o'in tarayya suna cewa ba su karɓar kuɗin koyarwa, amma in ka tara kuɗin rajista da na ɗakin kwana da na asibiti da na ɗakin karatu da sauran tarkace, za ka ga sunan ne kawai ya bambanta, aljihu kuwa bai san bambancin ba. Hanyoyin da muka saba bi uku ne. A sayar da hatsi tun da kaka lokacin da ba shi da daraja, ko a kai dabba kasuwa, ko a ba da gona jingina, daga jingina kuma sai sayarwa. Hatsi ana sake nomawa, akuya tana sake haihuwa. Gona in ta fita daga hannu da wuya ta dawo, ga kuma ƙannen yaron suna tasowa. Saboda haka roƙona ga iyaye shi ne, kafin a kira mai saye, a fara sanin ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa, a kuma san abin da ke bayan kowace ƙofa.

Abu na fari da ya kamata mu rarrabe shi ne kyauta da rance. A bakin mutanenmu duk abin da ya fito daga hukuma sunansa ɗaya, kuɗin gwamnati, kuɗin gwamnati kuwa a ganinmu na ci ne kawai. A'a. Sukolashif kyauta ce, ba a mayarwa. Rance kuwa, ko an yi masa ado da wane irin suna, bashi ne, akwai ranar biya.

Bari in fara da rancen, gama shi ne ƙofar da ta fi faɗi. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai a Yuni 2023, amma sharuɗɗanta sun yi tsauri. Sai yaro ya kawo mutum biyu masu tsaya masa, sai kuma abin da gidansu ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. Aka soke ta aka yi sabuwa a Afrilu 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗa biyu. Hukumar da ke riƙe da asusun ita ake kira NELFUND, ta soma karɓar masu nema a Mayu 2024. Rancen kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ba ya ratsa hannun ɗalibi ko na ubansa, hukumar ce ke biyan makaranta kai tsaye. Akwai kuma kuɗin ɗawainiya da ke shiga asusun bankin ɗalibin, wanda aka fara da naira 20,000 a wata. Ba kuɗin ruwa a kai. Ba a soma neman biya sai bayan shekara 2 da gama bautar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi, ko na riba in mutum sana'ar kansa yake yi. Wanda bai sami aiki ba yana iya yin takardar rantsuwa ya nemi a ɗaga masa, amma wanda ya yi ƙarya a cikinta doka ta tanadar masa ɗaurin shekara 3. In kuwa mutuwa ta zo, ana yafe bashin.

A nawa ganin, uban da ya sayar da gona domin kuɗin rajista alhali ɗansa yana jami'ar gwamnati bai nemi wannan rance ba, ya yi hasarar da ba dole. Naira tana rage daraja kowace shekara, gona tana ƙarawa. Wanda ya ranci kuɗi ba ruwa yau ya biya bayan shekara bakwai ko takwas, abin da ya mayar bai kai nauyin abin da ya karɓa ba. Amma kuɗin ɗawainiyar nan a yi lissafi kafin a miƙa hannu. Naira 20,000 sau wata 12 sau shekara 4 ya kama naira 960,000. Yaron da ya sami aikin naira 100,000 a wata, ana cire masa 10,000, zai yi shekara 8 yana biyan wannan kashi kaɗai, ba a ma zo kan kuɗin makaranta ba. Ba dole ne a karɓi duka biyun ba. Gidan da ke iya aika wa yaro masara da wake da ɗan man ja kowane zango, ya isa ya tsaya a kuɗin makaranta. Gidan da ba shi da wannan hali ya karɓa, gama yaro ba ya karatu da yunwa. Abin da ba na so shi ne yaro ya nema a ɓoye, iyaye suna ta wahalar aika masa, shi kuwa yana sayen sabuwar waya da bashin da zai biya da gumin aurensa.

Ga wani tarihi da ya kamata matasanmu su sani. Wannan ba shi ne karo na fari da ƙasar nan ta gwada ba ɗalibai rance ba. An kafa hukumar rancen ɗalibai tun 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, mutane da yawa suka yi karatu da kuɗinta, suka zama manyan ma'aikata, da yawansu kuwa ba su mayar ba. Hukumar ta durƙushe. A 1993 aka yi dokar kafa bankin ilimi domin ya gaje ta, shi ma bai je ko'ina ba. Daga nan 'ya'yan talakawa suka yi shekaru masu yawa ba inda za su ranta. Watau waɗanda suka ci suka goge baki, ba gwamnati suka cuta ba, ƙannensu da 'ya'yan maƙwabtansu suka rufe wa ƙofa. Mai bi da ya sa hannu a takardar rance ya yi alkawari ne, ko ana binsa ko ba a binsa. Ina so fastoci su faɗi wannan a kan bagade kamar yadda suke faɗin zancen zakka.

Abu biyu kuma game da rancen. Bisa tsarin da aka soma da shi, ɗaliban makarantun gwamnati ne ke samu, na tarayya da na jihohi, jami'a da kwalejin fasaha da kwalejin horon malamai. Jami'o'in kuɗi ba sa ciki, har da na ekklesiya irin su Jami'ar Bingham ta ECWA da ke Karu, wadda aka kafa a 2005. Iyaye su san da haka tun lokacin da yaro yake zaɓen makaranta a fom ɗin JAMB, kada a shiga da fatan abin da ba zai zo ba. Na biyu, a 2025 an yi ta koke-koke a jaridu cewa akwai makarantun da kuɗi ya iso musu amma ɗalibai ba su sani ba, wasu har sun riga sun biya da kuɗin iyaye, mayar musu kuma ya zama aiki. Don haka yaro ya adana kowane rasit, in ya ga an amince masa a shafin hukumar ya je ofishin kuɗi na makaranta da kansa ya tambaya, ya sake komawa in ba a amsa masa ba. Kunya ba ta da amfani a bakin tagar ofis.

Yanzu ga kyauta. Mafi kusa da mu ita ce hukumar sukolashif ta jiha. Kusan kowace jihar Arewa tana da ita. Abin da suke bayarwa ba shi da yawa, yakan kuma yi jinkiri, wani lokaci sai yaro ya kusa fita kafin na shekarar fari ya iso. Duk da haka a cika fom ɗin, gama abin da ya sayi littafi biyu ya rage wa uba nauyin littafi biyu. Sai hukumar sukolashif ta tarayya a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, wadda ke tallafa wa masu ƙwazo a makarantun gwamnati. Ita ce dā take tura yara karatu Rasha da Maroko da Hungari da wasu ƙasashe bisa yarjejeniya, amma a 2025 ministan ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar an daina tura sababbi. Duk wanda ya zo maka yau da zancen zai sama wa ɗanka gurbi a wannan shiri, riƙe aljihunka. Akwai kuma asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973 domin horar da 'yan ƙasa a fannonin da suka shafi man fetur, irin su injiniya da ilimin duwatsu da ma'adinai.

Kamfanoni ma suna bayarwa. Kamfanonin mai irin su Chevron da TotalEnergies, tare da NNPC, sun daɗe suna ba ɗaliban jami'a sukolashif daga kowane sashe na ƙasa. Gidauniyar MTN tana da na masu karatun kimiyya da fasaha, tana kuma da wani na musamman domin ɗalibai makafi. Wannan na ƙarshe ina so ya kai kunnen iyayen yaran da suka bi ta makarantar makafi ta Gindiri da makamantanta, gama sau da yawa gida yakan ɗauka cewa karatun makaho ya ƙare a sakandare. Na ƙasashen waje irin su Commonwealth, wanda aka soma a 1959, da Chevening na Ingila tun 1983, na masu neman digiri na biyu ne ko sama da haka, Chevening ma sai mutum ya yi aiki na shekara 2. A bar su tukuna sai an gama na fari.

To, ga abin da yawancin iyaye ba su lura da shi ba. Kusan duk waɗannan kyaututtuka ba a ba yaron da ke zaune a gida yana riƙe da takardar shiga. Ana ba wanda ya riga ya shiga ne, yana aji ɗaya ko aji biyu, a duba makinsa, a kuma kira shi ya rubuta jarrabawa a kwamfuta. Ma'anar wannan ga uba ita ce shekarar fari ta fi kowace nauyi, a nan ya kamata a tara ƙarfi. Ma'anarsa ga yaro kuwa ta fi haka. Shekarar fari ita ce shekarar da yaranmu suka fi wasa. Sun fita daga hannun iyaye, ba mai buga ƙararrawa, ba malamin da ke zagayawa da dare. Wani yakan cika mako da taron zumunta har ya rasa lacca, yana ganin hidima yake yi. Ɗana, makin da ka samu a zango biyu na farko shi za a duba a ce ka cancanta ko ba ka cancanta ba, a ma'aunin maki 5 kuma masu bayarwa da yawa ba sa duban wanda bai kai 3.5 ba. Karatunka na shekarar nan kuɗi ne kake nema wa babanka.

Sa'an nan zancen takardu, inda na fi ganin yaranmu suna faɗuwa. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Rancen NELFUND yana neman lambar JAMB da NIN da BVN ta banki da lambar ɗalibi ta makaranta, kwamfuta kuwa takan gwada sunan da ke wannan da na wancan. Mu kuwa masu bi na Arewa muna da arzikin sunaye. Yaro yana da sunan yare da kaka ta raɗa masa, yana da na baftisma, na baftismar ma iri biyu. A takardar haihuwa shi ne Istifanus Bulus, a sakamakon sakandare ya zama Stephen Paul, a banki kuma an sa sunan kakansa a ƙarshe. Kowa a ƙauye ya san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba 'yar ƙauyenku ba ce, a wurinta mutum uku ne, sai ta ƙi shi, ba kuwa wanda za ka kai wa goro ka roƙa. Haka ranar haihuwa. Uba ya rage wa yaro shekara biyu a wata takarda domin wai kada ya yi saurin ritaya, ya manta bai rage a sauran ba. Gyaran irin wannan yana cin kuɗi da watanni, kafin a gama an rufe karɓar fom. Ba a fafe gora ran tafiya. A makarantarmu mukan ce iyaye su kawo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tun yaro yana aji biyar, mu zauna tare mu tsai da suna ɗaya da rubutu ɗaya da rana ɗaya kafin a cika fom ɗin jarrabawar fita. A haɗa da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, gama ba hukumar jiha da za ta saurare ka ba tare da ita ba.

A kula kuma da mai shagon intanet. Yakan cika wa yaro fom da tasa lambar waya da nasa adireshin imel domin ya sallame shi da sauri. Ranar da aka aiko kiran jarrabawa, saƙo ya tafi wayar mai shago, yaro yana gida yana addu'a a kira shi. Layin waya ya zama na yaron, wanda aka yi wa rajista da sunansa, kalmar sirri kuma ya rubuta a bayan littafinsa kada ya ba kowa. Neman rancen NELFUND kyauta ne, ba ɗan tsakani. Duk saƙon da ya shigo WhatsApp yana cewa ka tura naira kaza a sa sunan ɗanka a sukolashif, na ɓarayi ne. Sukan fake da sunan TETFund domin kowa ya ga sunan a jikin gine-ginen jami'a. Asusun nan, wanda dokar 2011 ta kafa, makarantu yake yi wa gini, malamansu yake tura ƙarin karatu, ba ya raba wa ɗalibai kuɗi.

Kada a bar 'yan mata baya. In kuɗi ya gaza a gida mun san wanda akan ce ya haƙura. Ba ɗaya daga cikin ƙofofin nan da aka rubuta maza kaɗai a kanta.

Na juyo ga ƙungiyoyin ɗalibai, irin su FCS da aka soma a Gindiri a 1957, da NIFES tun 1968, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya ko sashen karatu ɗaya. Duk dattijon ekklesiya ya san wasiƙun da sukan aiko. Gaisuwa mai tsawo, aya biyu, sa'an nan a ce muna neman taimakonku domin babban taronmu, duk abin da Ubangiji ya sa a zuciyarku. Ba adadi, ba abin da za a saya, ba labarin abin da aka yi da na bara. Dattawa su ba da ɗan abin da zai kore kunya, a wuce. 'Ya'yana, mai bayarwa ko ekklesiya ce ko kamfani ko tsohon ɗan ƙungiya, abubuwan da yake so ya gani ba su da yawa. Ƙungiya ta yi rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, tana da tsarin mulki a rubuce da malami uban ƙungiya. Asusun banki ya zama da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku ke sa hannu, kada kuɗi ya shiga asusun ma'aji na kansa ko da shi ne mafi tsoron Allah a cikinku, gama wannan jarraba ce kuka ɗora masa. A rubuta aikin da za a yi, mutum nawa zai amfana, nawa zai ci, nawa kuka tara da kanku. Bayan aiki a aika da rahoto da rasit da godiya. Shugabanninku suna canjawa kowace shekara, mai bayarwa kuwa sunan ƙungiya yake riƙewa. In na bana suka ci ba rahoto, na baɗi ne za su tarar da ƙofa a kulle ba su san dalili ba.

Akwai kuma kuɗin da ake ci da gasa. Enactus tana da rassa a jami'o'i da kwalejojin ƙasar nan, inda ɗalibai kan haɗu su ƙirƙiro sana'ar da za ta magance wata matsalar jama'a su kara da na wasu makarantu. Gasar Hult Prize ma ta ƙungiyoyin ɗalibai ce, daga cikin makaranta ake farawa, babbar kyautarta dala miliyan 1. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 tana ba matasa masu dabarar kasuwanci horo da jarin dala 5,000. Yaran da suka tashi suna ganin tumatir yana ruɓewa a bakin hanya da kaka, ko dankali yana lalacewa a rumbu, suna da abin faɗi a irin waɗannan wurare, sai dai da yawansu ba su taɓa jin ana yi ba.

Abin da ke damuna da ƙungiyoyinmu shi ne inda ɗan abin da suka samu yake tafiya. Riguna masu suna, allunan yabo, liyafar miƙa mulki. A cikin mawaƙansu kuwa akwai yarinyar da ba ta rubuta jarrabawa ba domin saura naira 15,000 a kuɗin rajistarta, ba ta faɗa wa kowa ba. Ƙungiyar da ta zo ekklesiya da takarda ta ce muna da ɗalibai 6 da za a hana jarrabawa, ga abin da ake bin kowannensu, mun tara rabi, za ta ga hannun dattawa ya buɗe fiye da yadda ta zata.

Ita ma ekklesiya tana da nata rabo, ba kuwa sai ta ɗauki karatun yaro duka ba. Inda ake faɗuwa shi ne tsakanin ranar da takardar shiga ta fito da ranar da rance ko sukolashif ya iso. Kuɗin karɓar gurbi, kuɗin mota, katifa, ɗakin kwana, gyaran suna a takarda, duk kafin yaro ya sami lambar ɗalibi da zai nemi wani abu da ita. Baikon Lahadi ɗaya a shekara, a lokacin godiyar kaka sa'ad da hannu yake da ɗan danshi, ya isa a soma asusu. A naɗa mutum uku su riƙe shi, ɗaya daga dattawa, ɗaya daga Zumuntar Mata, ɗaya daga matasa wanda ya san kwamfuta ya kuma riga ya bi hanyar. A fara da marayu da 'ya'yan gwauraye da waɗanda rikici ya raba da gonakinsu. A biya makaranta kai tsaye, a karanta lissafi a gaban jama'a sau ɗaya a shekara ba tare da kiran sunayen yaran ba. Shi matashin nan na cikin ukun, a ba shi aikin bibiyar sanarwa, duk wadda ya tabbatar daga shafin hukumar ko kamfanin ta fito ya kawo wa magatakarda a karanta ranar Lahadi tare da ranar rufewa.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba zancen yaran da ba su sami gurbi ba bana, da abin da za su yi da shekarar jira.